Ban Ɓata a Amsterdam Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni ƙafa biyu ya kuma bar mini su har yau. Ni ke faɗi, surukata Rakiya ke rubutawa, na kuma gaya mata in ta gyara mini magana ko ɗaya zan gane ranar da aka karanto mini. Wannan babin dominku ne, 'ya'yana da jikokina, saboda na gaji da jin abu ɗaya a kowane taron suna da na salla: "Kun tuna ranar da Hajiya ta ɓata a Turai?" Sai a kwashe da dariya, har da waɗanda ba a haifa ba a lokacin. To ku buɗe kunnuwanku. Ban ɓata ba.

Kafin ku san ni a matsayin tsohuwar da ke zaune kan kujera a Greensboro ta Amirka, ni dillaliya ce a Damagaram, tun ina goyon fari har furfura ta fito mini. Atamfa, kwanuka, turare, duk a ka, gida gida, daga Birni zuwa Zango. Lungunan Birni kuwa ko ɗan gari in ya yi wasa sai ya kwana yana zagaye. Ban taɓa zuwa lakwal ba, wato makarantar boko, ban taɓa karanta sunan titi ba, amma ba a taɓa fita nemana ba. Mahaifiyata ce ta koya mini, ita ma dillaliya ce. Duk inda hanya ta karya, ki tsaya ki waiwaya, don fuskar da hanya ke nuna wa mai zuwa daban take da wadda take nuna wa mai komowa. Sannan ki zaɓi alama wadda ba ta motsi. Ban da mutum, ban da akuyar da aka ɗaure, ban da mai tuyar ƙosai, ban da inuwa. Bango, ko dutse, ko icce, ko rijiya. Sai ki ƙulla bakin mayafinki, in dama kika bi a gefen dama, in hagu a gefen hagu. In za ki dawo kina kwancewa ɗaya bayan ɗaya, ƙullin ƙarshe a ƙofar gidanki zai kwance.

Bayan rasuwar Malam, maigidana, babban ɗana ya ɗauko ni ya kawo ni nan. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, Baban Nana nake ce masa. A lokacin tasi yake tuƙawa, muna zaune a wani afatmen bayan High Point Road, hawa na biyu. Ba abin da na rasa a gidan, gaskiya ɗaya ce. Amma garin nan mutum ba ya tafiya, ɗaukarsa ake yi kamar buhun gero. Daga ɗaki a sa ka mota, daga mota a sauke ka masallaci, daga masallaci a mayar da kai mota. Shekara huɗu na yi haka, har ƙafafuna suka fara kumbura saboda zama. Wata ranar Talata kuɓewa busasshiya ta ƙare mana, na kuwa san shagon 'yan Afirka da ake sayar da ita, na sha ganinsa ta tagar mota, na ƙirga inda ake karyawa. Na yafa mayafina na fita. Hanyar ba ta da wurin mai ƙafa, sai ciyawa da bakin gudro, wato kwalta, motoci na wucewa kamar za su tafi da zanen mutum. Ina hango rufin shagon ke nan sai ga motar polis ta tsaya a gabana. Yaron kirki ne, bai yi mini tsawa ba. Ya yi ta magana, ni ma na yi tawa, ba wanda ya ji wani. Ya ga takardar adireshi da aka maƙala mini a jaka, ya buɗe mini ƙofar mota, ya maido ni gida. Nana, jikata, tana taga ta gan mu.

"Grandma got arrested!" in ji ta da Turanci, wai an kama kaka, har da tsalle.

Da yamma aka zauna a kaina kamar ba na ɗakin.

"Inna, ina za ki?" in ji Baban Nana.

"Kuɓewa."

"A ƙafa? A haiwe? Wa kika taɓa gani yana tafiya a wurin nan?"

"Da an bar ni da na zama ta farko."

Rakiya ce ta kawo maganar likita, rubuta Rakiya, ke kika faɗa. Ta ce haka kakar wata ƙawarta ta fara, fita ba dalili, daga baya ta manta sunan 'ya'yanta. Aka ce akwai likitan da ke auna kan tsofaffi. Aka ce akwai ƙararrawar da ake sa wa ƙofa, in an buɗe ta yi ƙara. Ni Fasuma, da matan Birni ke aika wa in nemo musu gidan da suka manta, ni za a rataya wa ƙararrawa kamar jakin ɗan garuwa.

A ƙasanmu akwai maƙwabciyata Mama Saratu, mutuniyar Jos, Kirista, mai jiki, mai murya, ita ke jan waƙa a cocinsu can East Greensboro. A gidan kula da tsofaffi take aiki. Mun saba, tana kawo mini gwate ina aika mata fura. Shekarar nan ita za ta gida, ni ma ina son in ga kabarin Malam da 'yan'uwana, duk kuwa ta Kano za mu bi. Saratu in dai neman araha ne ba ta da na biyu. Ta tono wani tike da ya fi kowanne sauƙi, sharaɗinsa sai mun kwana biyu a wani gari wai shi Amsterdam kafin jirgin Kano. Ita ta yi ta zirga-zirgar biza har aka samu. Ana gobe za mu tashi, ina kicin, na ji Baban Nana ya rage murya a bakin ƙofa.

"Mama, ke kin san irin ciwon nan, kullum cikin masu shi kike. Don Allah ki lura da ita a tafiyar nan. Abin da kika ce in kun dawo, shi za mu yi."

"Ba komai, ɗana. Zan sa ido."

Ashe da alƙalina zan yi tafiya. To, na ce, Allah ya kai mu.

Da safe muka sauka, jirgin ƙasa ya kai mu tsakiyar gari. Muna fitowa daga gar, tashar jirgin, na tsaya cak, har Saratu ta yi karo da bayana. Mutane! Mutane a ƙasa, da ƙafafunsu, ko'ina, kamar ranar kasuwar Alhamis. Wanda ba ya tafiya kuwa yana kan keke. Na ga tsohuwa mai farin kai, ta girme ni, kan keke, yaro a gaba yaro a baya, furanni a kwando, tana tuƙi da hannu ɗaya tana cin burodi da ɗayan. Na ce Saratu, duba yayarmu. Ga ruwa kuma. Mu da muke tashi da asuba mu bi layin pampo da tulu, su nan ruwa ne ke bin layi, ya ratsa gari titi titi, an yi masa bango an ɗora masa gadoji. Gidajen sirara ne dogaye, na jan bulo, manne da juna, wasu sun karkata gaba wasu sun jingina da maƙwabta, kamar tsofaffin mata sun haɗa kai suna gulma. Saratu ta ce wasunsu sun girmi kakan kakana. Na shafa bango ɗaya da tafin hannu, na ce lallai maginin nan bai ci amana ba.

Masaukinmu na masu ƙaramin ƙarfi ne. Matakalarsa tsani ce kawai aka yi wa suna, ka hau da hannu da ƙafa. Ɗaki ɗaya mu shida, duk mata, gadaje wani bisa wani, sauran huɗun 'yan mata ne masu jakar goyo, kowace da yarenta. Saratu ta dubi gadon sama ta dubi gwiwoyinta.

"Hajiya, ke ce babba, ki zaɓa."

"Na zaɓi sama, 'yar Jos. In kika faɗo mini ba mai kai gawata Damagaram."

Na ɗane, 'yan matan suka tafa mini. Abinci kuwa namu muka zo da shi, garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino, da safe kuma masaukin na ba da burodi da shayi, Saratu na naɗe na rana a takarda tana waƙar coci a hankali don kada a lura. Ranar farko tare muka fita, ita da taswira a hannu tana juya ta sama da ƙasa. Sau biyu ta kai mu gada ɗaya. Na gani, na ƙyale ta, tunda ni ce marar kai.

Kashegari gwiwoyin Saratu suka kumbura suntum saboda tsanin nan da duwatsun hanya. Ta sha magani bayan karin kumallo ta kwanta. Na zauna bakin taga ina kallon gari na tafiya ba ni. Gobe za mu bar shi, ba kuma zan sake ganinsa ba. Na san abin da ke kan fitata. In na dawo da ƙafata, ba wanda zai ƙara yi mini zancen ƙararrawa. In aka dawo da ni, shi ke nan, na rufe wa kaina ƙofa har mutuwa. Akwai ɗan katin masaukin da Saratu ta sa mini a jaka, mai adireshi. Na ciro shi na tura ƙarƙashin matashi, don in na dawo da shi za a ce takarda ce ta kawo ni. Wannan wauta ce, yau na yarda, kada waninku ya kwaikwaya. Ƙarya kuma na yi, ita ma na yarda.

"Saratu, zan sha iska bakin ƙofa."

"Bakin ƙofa fa, Hajiya," ta faɗa cikin barci.

Na yi bisimilla na fita. Na waiwaya na dubi ƙofarmu, koriya ce mai kan zaki na ƙarfe. Gada ta farko na bi dama, na ƙulla. Wani bango mai dutse da hoton jirgin ruwa a jikinsa, hagu, na ƙulla. Ku da kuka tashi cikin mota ba za ku gane abin da na ji ba. Ƙafafuna suka farka. Jinina ya tuna ni. Ina tafe ina gaisuwa, sannu, bonjur, wasu su amsa wasu su yi murmushi. Na ga kwale-kwalen da mutane suka mayar gida, da tukwanen furanni da shanya da kyanwa a kwance bisa rufi. Na ga tagogi manya ba labule, mutum na cin abincinsa duniya na kallo, na ce waɗannan ba su da abin ɓoyewa ko kuwa kunya ce ba su da ita. Kowane gida da ƙugiya a ƙololuwarsa, tun jiya nake tambayar kaina amfaninta, sai ga amsa: an zura igiya an ɗaure wata ƙatuwar kujera, maza biyu na ja daga ƙasa, wani na jira a tagar sama. Guga da rijiya ne sak, sai dai su sama suke zuba abin. Ban san lokacin da na fara ba su baki ba, a ja, a ja, saura kaɗan! Da kujerar ta shige, na saman ya leƙo ya sara mini. Ƙararrawar wani dogon gini kuma ba bugu kawai take ba, waƙa take yi, ta yi ta sauka bisa ruwa.

Bayan ƙulli na huɗu na fito wani fili inda lunguna biyar suka haɗu. Nan na daɗe ina neman alama. Bangayen duk ja ne iri ɗaya, itatuwan kamar uwa ɗaya ta haife su. Amma a tsakiyar filin ga mutum-mutumi na dutse, toka-toka, da malafa da doguwar riga, a tsaye bisa dakali, ya miƙa hannu ɗaya yana nuna daidai lungun da na fito. Garin cike yake da irinsu, tun jiya nake ganinsu bisa gadoji da bakin coci. A gabansa akwai gwangwani da 'yan tsaba a ciki, na ce a'uzubillahi, har yau ana ba gunki sadaka. Amma alama ce mai kyau. Dutse ne. Na waiwaya, na haddace hannun, na ƙulla na biyar, na wuce.

Gaba kaɗan na faɗa kasuwa, nan ne na zama ni. Ba yare, amma ciniki ai yatsu ne da fuska. Na ga cuku manya kamar dutsen niƙa. Na ga mutum ya kama ɗanyen kifi ta wutsiya ya ɗaga kai ya zura shi a baki, na ce Allah ya ba ka lafiya bawan Allah. Na ga albasa ƙanana masu kyau a buhu, na tsuguna ina zaɓa don miyar Saratu, ina tayawa da yatsu, mai kayan na ta girgiza kai. Daga ƙarshe ta ɗauko hoto ta nuna mini: ashe irin furanni ne, shukawa ake yi. Muka yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ja ni wurin maƙwabciyarta mai tuya, aka ba ni wata waina siririya mai zafi da zuma a tsakiya, ta ƙi karɓar komai. Na ba su dabino. Na nuna wa wata mai sayar da yadi yadda ake gane mai zuba, a jiƙa bakinsa da yawu a murza a farin ƙyalle, ta kira mijinta ya zo ya gani. Aka ɗan yi yayyafi, muka fake tare a rumfarta. Na yi azahar a wani tsakar gida shiru mai ciyawa, ba wanda ya dube ni sau biyu. Tun rasuwar Malam ban yi yini mai daɗin wannan ba.

Da rana ta karkata na juya. Na kwance na takwas, na bakwai, na shida, kowace alama na nan inda na bar ta. Na fito filin nan mai lunguna biyar, na ɗaga kai in dubi hannun.

Babu mutum-mutumi. Babu dakali. Fili fetal.

Na ce ko ba nan ba ne. Na koma baya zuwa alamar shida, na sake zuwa. Nan ne. Na shiga lungu ɗaya, ban ga abin da na sani ba, na dawo. Na shiga na biyu, haka. Sai na zauna bakin wani dakalin shago. Ba ɓata nake tsoro ba, wanda ya ɓata ana tsintarsa. Abin da ya kama ni shi ne, to ko gaskiyarsu ne? Ko haka abin ke farawa, mutum ya ga dutse inda babu dutse? Na kira sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya a zuci, har da wanda ba na kira. Na kira na jikoki. Na karanta abin da na haddace. Duk suna nan. Sai na ce Fasuma, in kai bai gaya miki ba, tambayi ƙasa. Na tashi na je tsakiyar filin ina duba duwatsun daɓen. Yayyafin ɗazu ya jiƙa ko'ina, amma a daidai wurin ga busasshen wuri mai kusurwa huɗu, kamar an ɗauke akwati. Alhamdulillahi! Abu ya tsaya a nan, ɗauke shi aka yi. Kaina lafiya lau. Saura in san wanda ya saci dutse da rana tsaka.

Na juya ina dube-dube, sai na hango shi. Can bakin ruwa, a zaune bisa dakalin nasa, ya cire malafa ya ajiye, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana cin soyayyen dankali a cikin takarda. Dutse na tauna! Na yi salati da ƙarfi. Da na matsa sai na ga cikin bakinsa ja ne irin na kowa, gashin kansa kuma ruwan ƙasa. Mutum ne ɗan Adam, ya shafe jikinsa da tufafinsa da fenti, dakalin ma akwatin katako ne. Sana'arsa ke nan, ya tsaya kamar dutse a jefa masa tsaba. Dariya ta zo mini, faɗa ma ya zo, na rasa wanda zan fara, sai na haɗa su.

"Kai bawan Allah! Haka ake yi? Mutum ya ba ka amanar hanya ka tashi ka tafi cin abinci?"

Ya dube ni da dankali a baki. Na tattaro ɗan Faransancin kasuwa da nake da shi.

"Mushe! Debu! La-ba!"

Wato yallaɓai, tashi tsaye, can wurin. Ashe yana ji. Na nuna masa ƙulle-ƙullen mayafina, na nuna filin, na miƙa hannu yadda ya yi, na nuna kaina ina tafiya. Sai ya gane. Ya fashe da dariya har fentin kumatunsa ya tsage. Ya miƙo mini sauran dankalin in riƙe masa, ya saɓi akwatinsa, na bi shi a baya ina ci, tunda shi ya jawo. Ya ajiye akwatin daidai kan busasshen wurin, ya hau, ya sa malafa, ya miƙa hannu. Amma da gangan ya miƙa na hagu, yana kallona ta wutsiyar ido.

"A'a, ɗan nema! Ba wannan ba. Lotir, ɗayan!"

Na kama hannun na sauke, na ɗaga na dama, na gyara gwiwar hannun, na karkata masa malafar yadda na gan ta da safe. Mutane suka taru suna ɗaukar hoto, sun zaci wasan namu ne mu biyu, tsaba na ta zuba a gwangwani. Da hannun ya zauna daidai, na bi yatsan da ido. Ga lunguna, na uku daga dama, wanda ban gwada ba. Na zuba masa dabino a aljihun riga, bai motsa ba, ya riga ya koma dutse. Na kwance na biyar na shige. Na huɗu, na uku, jirgin ruwa a bango, gada, sai ga koriyar ƙofa.

Saratu na zaune kan matakala, idanu jajur, katin da na ɓoye a hannunta. Ta riga ta buga waya Amirka. Can safiya ce, Baban Nana ya ajiye tasi, ya kira duk wani ɗan Nijar da ke Greensboro, har an fara zancen wa zai bi jirgi. Nan labarin ɓatan ya samo asali, tun kafin in buɗe baki.

"Hajiya! Bakin ƙofa ke nan? Kin san abin da kika ja mini? Me zan ce wa ɗanki?"

"Ki ce na dawo da ƙafata."

"Me ya tsayar da ke har la'asar?"

"Alamata ce ta tashi. Wani mutum-mutumin dutse na riƙe, na dawo na tarar ya tafi cin dankali."

Ina rufe baki na ga fuskarta ta canza. Faɗan ya tafi, ta sassauta murya, irin wadda take yi wa tsofaffin wurin aikinta.

"To, Hajiya. Dutse ya ci dankali. Zo ki kwanta ki huta."

Nan na gane gaskiyata ta fi ƙarya haɗari. Na ce Saratu, sa takalminki. Ta ce gwiwa. Na ce ko goya ki zan yi sai kin je, ki bar taswirarki kuma a nan. Ta biyo ni tana ɗingishi tana dafa kafaɗata, ni a gaba, ina faɗa mata abin da za mu gani kafin mu gan shi: yanzu gada, yanzu jirgi a bango, yanzu gida mai karkata. Tun a na uku ta daina magana. Muka fito filin, yana nan a tsaye da hannunsa.

"Hajiya, wannan ai gunki ne. Dutse ne."

"Matsa ki gaishe shi."

Ta matsa don ta rabu da ni. Mutumin ya hango ni a bayanta. A hankali ya sauke hannu, ya cire malafa, ya rusuna har ƙasa, ya zaro dabino daga aljihu ya jefa a baki.

"Yesu Almasihu!" in ji Saratu, ta yi baya ta zauna daɓas bisa duwatsu.

Mu biyu muka ɗaga ta, ni da dutsen. Tana dariya tana kuka tana dukan kafaɗata. Tafiyar nan ta ci gwiwarta, a keken marasa lafiya aka sauke ta a Kano, wata guda tana jinya a Jos. Wannan alhakin a wuyana yake, na nemi gafararta ta kuma yafe, bayan ta sa na yi mata fura har sau bakwai.

Da muka dawo Greensboro aka zauna a falo, Saratu a kujerar tsakiya. Baban Nana ya ce Mama, muna sauraro.

"Ɗana, in za a kai wani wurin likitan kai, ni za a kai. Da taswira a hannuna na ɓata sau biyu. Uwarka da bakin mayafi ta zagaye garin Turawa ta dawo. Ka sakar mata ƙofa."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba, irin ubansa ne. Washegari da hantsi na yafa mayafi na fita. Na samo wata hanya ta bayan gidaje, ta gefen wurin sayar da tsofaffin motoci, wadda ba sai na hau bakin haiwe ba. Ban yi nisa ba na ji ƙarar inji a bayana, a hankali, kamar mota na tafiya da sanɗa. Ban juya ba, na san tarin motar nan. Kwana uku yana bina haka, ya bar fasinja, yana laɓewa bayan manyan motoci da tasi ruwan ɗorawa, wai shi ba a ganinsa. A rana ta huɗu na shiga shagon na sayi kuɓewata, na ƙara da buhun shinkafa, na sa aka fito mini da shi bakin hanya. Na ɗaga hannu.

"Tasi!"

Ya matso, kunya ta rufe shi, ya fito ya buɗe mini ƙofar gaba.

"Inna, wucewa nake yi kawai."

"Na sani. Tunda Allah ya kawo ka, sa wannan a but ka kai wa Rakiya ta ɗora."

Ya sa buhun, ya tsaya riƙe da ƙofa yana jira.

"Rufe abarka," na ce. "Ni ina tafe."